Daga Damagaram zuwa Tasawa a sawun inuwar wata

Ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, ƙarshen watan Safar, muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Maradi daga Zinder, wato Damagaram, za mu kallon husufin rana. Mu shida ne a motar har da direba da yaronsa. Kayan da muka ɗauka ba su cika bayan mota ba: kwalaye uku, ƙaramin madubi irin na masu aski, farin zanen gado, gilashin walda biyu, tabaran kwali na kallon husufi guda goma sha biyu, agogon hannu da muka daidaita da na rediyo tun da dare, sai jarkar ruwa biyu. Tasawa muka dosa, ko in ce wani fili kafin a shiga Tasawa, kilomita ɗari da ƴan kai yamma da Damagaram.

Maƙwabta sun yi mana dariya, kuma da hujjarsu. Rediyo ya kwana yana shelar cewa rana za ta rufe ruf a Zinder kanta, to me za a je nema ƙasar Tasawa? Amsar tana ga siffar inuwar wata, domin iri biyu ce. Akwai mai faɗi marar kauri, wadda ke lulluɓe dubban kilomita. Wanda ke cikinta gani yake an gutsure gefen rana kawai. Akwai kuma baƙar inuwa ta tsakiya, wadda in ta taɓa ƙasa ba ta wuce ɗan da'ira, tana gudu tana barin ziri kamar sawun maciji a rairayi. A ranar, faɗin zirin a ƙasarmu kusan kilomita 190 ne. Ya taso daga gaɓar Barazil da hudowar rana, ya tsallake tekun Atilantika, ya hau tudu a Gana, ya ratsa Togo da Benin, ya shiga Najeriya ta wajen Shaki, ya bi ta Gusau da Katsina, ya shigo mana ta Maradi da Tasawa da Zinder, sannan ya miƙe arewa maso gabas zuwa Bilma da Dirku, Cadi, Libiya, kusurwar Masar, Turkiyya, har ya ƙare a Mongoliya da faɗuwar rana. Yamai tana waje, Agadas tana waje. Kano ma, duk kusancinta da Katsina, tana waje, haka Gure da ke gabas da mu.

Zinder a ciki take, sai dai ta karkata wajen bakin zirin na kudu maso gabas, Tasawa kuwa tana dab da tsakiya. Duhun ya fi daɗewa a tsakiya, yana raguwa in aka nufi baki, amma ba daidai wa daida yake raguwa ba. Wanda ya tsaya a rabin tazarar da ke tsakanin tsakiya da baki yana samun kashi 87 cikin ɗari na lokacin. Wanda ya ci kashi bakwai cikin goma na tazarar yana samun kashi 71. Daga nan ne abin ke zubewa da sauri, har a bakin zirin ya koma ƴan sakanni. Zinder na da wajen minti uku, Tasawa na neman huɗu. Wato tafiyar awa biyu muka yi saboda ribar da ba ta cika minti guda ba. A ganina yau, wanda gidansa ke cikin ziri da ɗan nisa daga baki, ya hau soro ko ɗaya daga duwatsun Birni ya zauna abinsa. Mutumin Gure da na Kano su ne ya kamata su nemi mota, domin ko kashi ɗaya cikin ɗari na rana ya rage a buɗe, haskensa ya ninka na wata ɗan daren sha huɗu sau dubbai. Sama ba za ta yi duhu ba, taurari ba za su fito ba, kuma ba dama mutum ya cire tabarau.

Mun wuce Tirmini gari na wayewa, muka tsaya shan shayi a Takeita, wajen kilomita hamsin daga Zinder, inda hanyar Matamaye da Kano ke rabuwa da ta Maradi. Nan direba ya ajiye kofinsa ya ce da ni: "Mushe, ni fa akwai abin da ya ɗaure mini kai. Kun ce wata ne ke shiga tsakaninmu da rana. To ai kowane ƙarshen wata yana ɓuya wajen rana. Me ya hana a yi husufi sau goma sha biyu a shekara?"

Da ma a kan amsar muke zaune. Hanyar da rana ke bi a sama cikin shekara dabam, wadda wata ke bi dabam. Ta wata ta karkace daga ta rana da kimanin digiri biyar. Biyar kamar ba komai, amma faɗin rana a ido rabin digiri ne, haka ma na wata. Ke nan wata na iya wucewa ta sama ko ta ƙasan rana da ratar da za ta ɗauki wata goma a jere, inuwarsa ta tafi sarari ba ta taɓa ƙasa ba. Hanyoyin biyu a wuri biyu kacal suke gamuwa, mararraba biyu masu kallon juna. Wata na ratsa su kowane wata, rana kuwa sai bayan kwana 173 take isa ɗaya daga cikinsu. Motar da ta taso daga Zinder da wadda ta taso daga Matamaye ba sa haɗuwa sai a Takeita, nan ɗin ma sai in sun iso lokaci guda.

Ba lalle sai rana ta tsaya cif a kan mararrabar ba. In tana kusa, cikin wani zango na kwana 34 ko makamancin haka, ya wadatar. Tun da watan sama kwana 29 da rabi ne, ba yadda za a yi zangon nan ya wuce ba tare da ƙarshen wata ya faɗo cikinsa ba, wani lokaci ma har biyu, ɗaya a bakin shiga ɗaya a bakin fita. Shi ya sa babu shekarar da ba a yin husufin rana aƙalla sau biyu a wani yanki na duniya. Iyakarsa biyar, su ma ba kasafai ba: an yi biyar a 1935, sai kuma 2206. A shekarar tamu, na biyun ya zo ranar 22 ga Satumba, wata shida na sama bayan namu, ya faɗa Giyana da Surinam da kudancin Atilantika. Mararrabar kanta ba a kafe take ba, tana ja da baya sannu a hankali, don haka zangon husufi na matsowa da kwana 19 kowace shekara. Ba ruwansa da damina ko rani.

Ƙarnin da muke ciki, daga 2001 zuwa 2100, an lissafa masa husufin rana 224. Guda 77 na gefe ne, waɗanda baƙar inuwar ke kuskure duniya baki ɗaya, kuma galibi mutanen can ƙuryar arewa ko ƙuryar kudu ke ganinsu. Guda 68 cikakku ne irin wanda muke bi. Guda 72 masu zobe ne, bakwai kuma ruwa biyu, wato zobe a wani sashen zirin, cikakke a wani. Dalilin zoben shi ne rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa suke kai ɗaya a ido. To amma nisan wata na canzawa, daga wajen kilomita 356,000 zuwa 407,000. In husufi ya same shi a nesa sai ya kasa rufe rana duka, a ga zoben wuta kewaye da baƙin faifai. Wannan ba a cire masa tabarau ko na sakan guda. Idan aka haɗa lissafi, ana samun cikakken husufi a wani wuri kusan sau ɗaya cikin wata goma sha takwas.

Direba ya ce, "Ashe abin ba wuya yake ba." Na ce a duniya kam ba ya wuya, a ƙofar gidan mutum ne yake wuya. Sama da kashi 70 cikin ɗari na doron duniya ruwa ne, kuma zirin ba ya zaɓen inda mutane suke.

Bayan Maijirgi muka sauka daga gudron muka shiga wani ƙauye ta hannun hagu, ƙarfe takwas da ƴan mintoci. Abu uku muke nema a wurin tsayawa. Fili buɗaɗɗe ta kudu maso yamma, domin ta nan inuwar za ta ɓullo. Nisa daga ƙurar manyan motoci. Sai itace mai ganye, wanda a ƙarshen Maris ba ya wuce gawo ko dogon yaro. Gawo da rani yake ganye, ya kaɗe da damina. Muka fara zuwa gaida maigari. "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Damagaram, mun zo kallon husufi, muna roƙon aron fili da zaure ɗaya mai duhu." Ya ba mu zaurensa da gonar da ke gabansa, da sharaɗin a nuna wa yara. Akwai ɗan hazo a gindin sama, irin na wannan lokaci. Hazo haka ba ya hana ganin husufin hantsi, tun da rana ta riga ta yi sama sosai, sai dai yana ɓoye tahowar inuwar daga nesa.

Kwalin kallo ga yadda ake yinsa. A yanke ƴar taga mai faɗin santimita uku a gefe ɗaya, a liƙa mata takardar azurfa irin ta cikin kwalin shayi, a huda ta da allura huda ɗaya, kamar milimita guda. A ɗaya gefen, ta ciki, a manna farar takarda. A buɗe wata ƴar kafa a gefe wadda za a leƙa takardar. Mai kallo ya ba rana baya, hudar allurar na fuskantar rana ta saman kafaɗarsa. Girman hoton da zai fito shi ne tsawon kwalin a raba da 109: kwali mai mita ɗaya na ba da rana mai milimita tara, mai rabin mita ba ta kai milimita biyar ba. Yaron mota ya ga hoton ya yi masa ƙanƙanta, ya sa ƙusa ya faɗaɗa hudar. Hoton bai ƙaru ba, dagulewa ya yi, ya koma tabon haske marar baki. Tsawo ke ƙara girman hoto, huda kuwa in ta yi faɗi kaifinsa take ci.

Madubin ya fi kwalin amfani nesa ba kusa ba, kuma ban ga dabarar da ta kai shi ga taron yara ba. Muka rufe fuskarsa da takarda, muka bar kafa zagayayya da ba ta kai santimita ɗaya ba, muka kafa shi cikin ƙwarya mai rairayi don ya tsaya inda aka juya shi. Daga taku goma sha biyu, wajen mita goma, muka harba hasken ta ƙofar zaure zuwa bangon ciki. Rana ta fito a bango da faɗin santimita tara, yara arba'in na kallo lokaci guda ba wanda ya ɗaga kai sama. Wahalarsa biyu. Rana na gusawa da gwargwadon faɗinta duk minti biyu, saboda haka dole a ajiye mutum ɗaya yana gyara madubin. Sannan a hana yara tsayawa a bakin ƙofa suna leƙen madubin, don hasken da ke fitowa daga cikinsa rana ce sak.

Gilashin walda kuwa lambarsa ake dubawa. Mai lamba 14 ake so. Ƙasa da 12 ba shi da aminci, kuma yawancin waɗanda ke hannun masu walda a gari 10 ne ko 11. Ɗaya daga namu lambarsa ta goge. Muka ɗora shi a ido muka ga ana hango bangon zaure da mutane ta cikinsa, muka mayar da shi mota. Abin kallon rana na ƙwarai ba a ganin komai ta cikinsa sai ita ranar. Tabaran kwali na yanzu suna ɗauke da lambar ISO 12312-2, kuma kafin a ba yaro a ɗaga su wajen fitila a duba ko akwai huda ko karce. Mutanen ƙauyen sun zo da nasu dabarun: kwalba da aka turara da hayaƙin fitila, baƙin hoton ƙashi na likita, tabaran gayu, da tasa cike da ruwa. Duk muka roƙe su su ajiye. Waɗannan suna rage ƙyallin da ke sa mutum runtse ido, sai ya samu damar ƙura wa rana ido, alhali hasken da ke ƙona bayan ido yana wucewa. Wurin da ke ƙonewar kuma ba shi da jijiyar jin zafi, mutum ba zai san ya yi ɓarna ba sai bayan awoyi.

Wajen ƙarfe tara da minti ashirin da wani abu cizon farko ya bayyana a gefen rana. Rabin awa na farko ba abin da ya canza a gari. Ido na sabawa da raguwar haske, har rana ta rufe kashi uku cikin huɗu mai tallar fura ba za ta lura ba in ba a gaya mata ba. Shi ya sa husufin gefe da yawa ke wucewa a kan garuruwanmu ba wanda ya sani. Abin da ya fara tsayar da mutane shi ne ƙarƙashin gawo. Ɗigon hasken da ke ratsa ganye, waɗanda kullum zagayayyu ne, duk sun koma jinjirin wata, ɗaruruwa, a kan rairayi da bayan awaki da rigunan yara. Wata tsohuwa ta koma gida ta ɗauko rariya ta ɗaga a kan zanen gadonmu, kowace huda ta zana nata lauje.

Liman ya tara jama'a ba kiran salla ba iƙama, ya ja raka'a biyu, kowace da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, karatu mai tsawo a asirce kamar yadda Malikiyya ke yi. Daga cizon farko zuwa washewa sama da awa biyu da rabi ne, don haka akwai wurin salla akwai na kallo. Da ya sallame ya tunatar da hadisin ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Masu lissafin taurari sun mayar da lissafi baya sun samu husufin da safiyar 27 ga Janairu 632 a Madina. Wasu yara sun fito da gwangwanaye za su fara kaɗawa, manya suka tsawata musu. Wannan al'adar ta daren da ake cewa rana ta kama wata ce, ko da yake inuwar duniya ce ke faɗa wa watan. An fi sabawa da husufin wata ne don duk rabin duniyar da ke cikin dare na ganinsa tare, kuma yana jimawa: na 27 ga Yuli 2018 ya yi awa ɗaya da minti 43 a rufe.

Minti goma na ƙarshe ne komai ke sauri. Haske ya yi siriri, launin ƙasa ya koma kamar tsohon zane da ya sha wanki. Inuwar mutum ta yi kaifi har ana ƙirga zaren gezar rawani a ƙasa. Zafin hantsi ya janye, iska mai sanyi ta taso. Kaji suka nufi akurki. A kan zanen gadon wasu siraran layuka suka riƙa rarrafe kamar inuwar ruwa a bangon rijiya. Kudu maso yamma ta yi baƙi irin na hadarin Agusta, ba gajimare ko ɗaya. Inuwar ce tafe, da gudun da ya haura kilomita 2,500 a awa. Laujen rana ya tsinke ya zama ƴan ƙwayoyi kamar carbi, wato haske ne ke ratsa kwazazzaban bakin wata. Ƙwaya ɗaya ta rage tana walƙiya, ita ma ta mutu. Ƙarfe sha ɗaya saura minti ashirin da kaɗan.

Ƙa'idar cire tabarau ɗaya ce: sai ka daina ganin komai ta cikinsa. Muka cire. Baƙin rami a sama, kewaye da farin haske mai laushi da ya miƙe ta gefe biyu kamar gashin jimina, da ƴan jajayen harsuna a bakin faifan. Gamzaki, wanda ba a saba gani ba sai da asuba, ga shi tangaram yamma da rana. Gindin sama kuwa ja-ja ta kowace fuska, gabas da yamma, kudu da arewa, kamar almuru ya kewaye gari, don can nesa wajen zirin rana na nan tana haskawa. Duhun bai kai na dare ba, ana gane fuskar na kusa. Kabbara ta tashi daga ko'ina, jakuna na kuka.

Mun ajiye mutum ɗaya da agogo yana faɗin kowane minti da ƙarfi, kuma saura sakan ashirin ya ce a mayar da tabarau. Kada a raina wannan aiki, domin ba wanda ke iya ƙiyasta lokaci a cikin duhun nan, kuma ƙwayar hasken farko da ke dawowa tana samun ido a buɗe war. Abokin tafiyarmu mai kyamara ya ci fiye da rabin lokacin yana kokawa da maɓallai, filashi na tashi a banza, ya tashi da hoton baƙin fili da ɗigon fari. Wanda bai gwada kayan ɗaukar hotonsa tun kwanaki kafin ranar ba, gara ya rataye su ya kalla da ido.

Da haske ya dawo zakaru suka yi cara. Wani dattijo da ke zaune kusa da maigari ya kira ni ya ce, "Ɗana, na taɓa ganin rana ta dushe shekarun fari, zamanin Diori, amma ba ta yi haka ba." Na ce, "Gaskiyarka, Baba." Na 30 ga Yuni 1973 yake nufi. Zirinsa ta arewa ya bi, daga Muritaniya da Mali, kuma inda ya fi daɗewa a duk duniya cikin ƙasarmu ne, a hamadar da ke yamma da Arlit: minti bakwai da sakan huɗu, alhali iyakar abin da husufi ke iya kaiwa wajen minti bakwai da rabi ne. A ranar ne masana suka bi inuwar da jirgin Concorde daga tsibiran Kanari zuwa Njamena, suka zauna cikin duhun minti 74. Nan kudu gefe kawai aka gani.

Ya ce, "To yaushe za ta dawo nan?" Masanin lissafin taurari ɗan Beljiyam, Jean Meeus, ya ƙiyasta cewa wuri guda na jiran kimanin shekara 375 tsakanin cikakken husufi da wani. Amma wannan matsakaici ne, ba alkawari ba. Garin Carbondale na Amurka ya samu a 2017 ya sake samu a 2024, wani garin kuma sai ya haura shekara dubu yana jira. Abin da ke da tsari shi ne dangin husufi. Bayan wata 223 na sama, wato shekara 18 da wata bakwai a lissafin Hijira, ko shekara 18 da kwana 11 da awa takwas a na bature, rana da wata da mararraba suna komawa kusan yadda suke. Mutanen Babila sun san wannan tun kafin haihuwar Annabi Isa, yau ana kiransa Saros. Awa takwas ɗin nan ce ke hana shi dawowa wuri ɗaya, don kafin ta cika duniya ta juya sulusin kewayenta, sai zirin ya faɗa can yamma. Namu ɗan dangi mai lamba 139 ne. Wansa ya faɗa Indunisiya da Filifin ranar 18 ga Maris 1988. Ƙanensa shi ne na 8 ga Afrilu 2024 da ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada. Na bayansa, 20 ga Afrilu 2042, Indunisiya da Filifin zai koma. Sai a zagaye na uku, ranar 30 ga Afrilu 2060, zai dawo Afirka ta Yamma ya ratsa Nijar zuwa Libiya da Masar da Turkiyya, zirin ya ɗan gusa arewa. Dattijon ya dubi yaran da ke fitowa daga zaure ya ce, "Wannan nasu ne."

Mun shiga Zinder bayan la'asar. Kwana biyu da haka wani ɗan kabu-kabu na unguwarmu ya zo yana cewa duk abin da ya duba sai ya ga tabo a tsakiyarsa, lambar mota ma sai ya karkata kai yake karantawa. Ta baƙin hoton likita ya kalla, sau da yawa, kafin rufewar da bayanta. Irin wannan ƙuna ba ta da maganin sha ko na ɗigawa. Wasu tabon na dushewa cikin watanni, wasu yana zama.

Ga mai son shiri daga Damagaram, 2027 na da biyu, wata shida na sama tsakaninsu. Na Asabar 6 ga Fabrairu, dab da azumi, mai zobe ne: zai taso daga Cile da Ajantina ya ƙare da faɗuwar rana a gaɓar Abijan, Akara, Lome, Kwatano da Legas. A Zinder rana za ta faɗi a gutsure, don haka sai an hau dutse ko soro mai buɗaɗɗiyar yamma. Kwali da madubi ba sa aiki sosai a wannan lokaci saboda hasken ya yi rauni, kuma hazon hunturu na iya haɗiye ranar tun ba ta kai ƙasa ba. Jan da take yi da yamma kada ya ruɗi kowa ya kalle ta da ido tsirara.

Na Litinin 2 ga Agusta shi ne babba. Zirinsa zai bi ta kudancin Sifen, Tanja a Maroko, Oran a Aljeriya, Safakis a Tunisiya, Bengazi, Luksor a Masar inda zai kai minti shida da sakan ashirin da ɗoriya, sannan Jidda da Makka, Yaman da Somaliya. A Makka bayan azahar zai zo, wajen minti biyar. Mai niyyar umara a ƙarshen Safar na shekarar ya sa tabarau cikin jakarsa. Mu nan gefe za mu gani da hantsi, in hadarin Agusta ya bari. Masar ta fi ko'ina tabbas, don a watan nan da wuya a ga gajimare a Luksor.

Wanda mota za ta iya kai mu shi ne na Litinin 20 ga Maris 2034. Zai hau tudu ta Legas da birnin Benin, ya ratsa Najeriya zuwa arewacin Kamaru da Cadi, inda zai kai minti huɗu da sakan tara, ya wuce Sudan, Masar, Saudiyya, Kuwaiti da Iran. A kudancin Masar zirinsa zai gitta na 2027, su ma su samu biyu cikin shekara bakwai. Zinder za ta ga mafi yawan rana ta rufe amma ba duka ba, matsayin da Kano ta tsaya a 2006. Wajen zaɓen inda za a je, a fi duba sama a kan tsawon minti: gaɓar teku a watan Maris ta fara tara gajimare, can ciki wajen Cadi kuwa rani ne sosai. A isa tun jajibiri, a kwana cikin zirin, a bar mai a tanki ko da za a gudu wa gajimare da safe.

Duk wanda zai ɗora waya, kyamara ko madubin hangen nesa, matatar hasken a gaban gilashin na'urar ake sa ta, ta fuskar rana. Sanya tabaran kwali a ido sannan a leƙa ta madubin hangen nesa ya fi kallon tsirara haɗari, domin hasken da madubin ya tara yana huda tabaran nan take. Tabaran kuma a ajiye su a miƙe cikin ambulan, a tsakiyar littafi, nesa da zafi. Cikin goma sha biyun da muka je da su, huɗu suka dawo Zinder, na jefa su cikin akwati tare da makullai. Da na ɗaga su wajen fitila kafin husufin gefe na 3 ga Nuwamba 2013, uku sun huje.